Nauyin Datti

Duk wanda ya san Sa'adu a da, da buhu a kafaɗa ya san shi. Ɗan dako ne a kasuwar dankali, irin waɗanda ake ƙwala wa kira tun motar dankali daga garin Bokkos ba ta gama tsayawa ba. Sai wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Aka ce kaluluwa ce, a shafa man zafi. Ashe ciwon daji ne.

Wata da watanni yana karɓar kemo, maganin nan da ake ɗura wa mutum ta jijiya. Lungunsu a Anguwan Rogo abin hawa ba ya shiga, don haka maƙwabcinsa Datti, mai Keke Napep, shi ke goya shi daga ɗaki har bakin titi. Yana tafe yana masa tsiya: "Mai ɗaukar buhu yau ya zama buhu. Buhun ma na ƙaiƙayi!"

Daga baya likita ya ce ciwo ya kwanta. Aka yi ta barka, matarsa Hanatu ta raba waina sadaka. Gogan naka kuwa ko a jikinsa. Ba murna, ba baƙin ciki, sai gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Tafin ƙafarsa kamar soso yake takawa. An ce ya riƙa tattaki, sai ya je bakin famfo ya dawo, ya zauna a dakali yana kallon bango. Mutanen unguwa kuma, wallahi tausayinsu har ya fi ciwon cin rai. Ya ɗauki buta a karɓe, ya taɓa benci a ce, "Haba Malam Sa'adu, bari mana!" Shi ma sai ya daina miƙa hannu.

Ran wata Talata Datti ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutum garau da safe! Da aka gaya wa Sa'adu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya laluba cikinsa bai sami kuka ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa a rai: sai ya sa wa makarar Datti kafaɗa.

A maƙabarta, daga ƙofa zuwa bakin kabari karɓa-karɓa ake yi, kowa ya ɗan ɗauka ya ba na baya. Sa'adu ya kutsa yana haki. Wani ya tare shi, Sa'adu ya ture hannun, ya shiga gefen dama.

Ya fara tafiya, bai ji komai ba. Ya zaci mutuwar jikin nan ce da ya saba da ita. Da ya ɗaga ido, ashe Ishaku, ƙanin Datti, da ke gabansa, da mutumin da ke bayansa sun tallafe makarar sama. Ƙarfen makarar ko rigarsa bai taɓa ba.

Ya tsaya cak, na baya suka yi karo da juna.

"Ishaku, sauke hannunka."

"Yaya Sa'adu, jikinka fa..."

"Da yake goya ni wa ya tallafa masa? Ku ba ni nauyinsa."

Suka sassauta. Ƙarfen ya zauna masa daram a ƙashin kafaɗa, zafi ya ratsa shi har ƙugu. Ashe Datti da nauyi. Bai yi nisa ba aka karɓe shi, ya samu wani dutse ya zauna, ya dafe kafaɗar da ke masa zogi. A nan kukan ya zo.