Ranar da Inna Ta Juya Takardar Yanka

Ɗinkin takarda ban koye shi a makaranta ba, a ƙofar ɗakin wata Madam na koya. Matar wani malamin lakwal ce, wato makarantar boko, daga kudu, suna haya a bayan gidan mijina a Garwa, lokacin ina amarya, ban daɗe da zuwa daga Bibemi ba. Ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba, sai muka haɗu a Fulatancin kasuwa, kowa na kakkarya nata. Tana da mujallu, a tsakiyar kowace akwai shirgegiyar takarda mai layuka sun hau kan juna kamar sawun kaji. A ciki take fitar da gaban riga, da baya, da hannu. Ranar da na fara gani na ce a raina matar nan da aljanu take aiki.

Ashe ba aljani ko ɗaya, haƙuri ne kawai. Ta koya mini in jiƙa yadi in shanya kafin almakashi ya taɓa shi, don atamfa tana tsukewa a wankin farko. In goge shi da dutsen guga ya kwanta lif. In danne takarda da duwatsu ko kofuna, in zagaye ta da guntun sabulu, in bar faɗin yatsa biyu a kowane gefe don ɗinki ya sami abin ci. In fara haɗa rigar da allura, tsalle-tsalle, a gwada a jiki, sannan a hau keke. Akwai kuma wata kibiya a jikin kowace takarda. Madam takan buga yatsa a kanta har ta ba ni haushi: duk inda kibiyar gaba ta kalla, can ta baya za ta kalla. Da aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa Maiganga, ta bar mini kwafin takardun a jikin buhun siminti, na yi kuka kamar 'yar uwata ce ta tafi.

Keken hannu ne da ni, cikin kayan aurena ya zo. Na ɗinka wa kaina, na ɗinka wa ƙannen miji, amma ba wata mace daga waje da ta yarda ta ba ni yadinta. A unguwarmu ta mahauta, ɗinkin fita sai telan kasuwa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don na san rigata ta fi tasu zama a kafaɗa.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ma ta iya yanka irin na da. Ba ta san santimita ba, da taƙi da kamu take awo, ta ɗan tsaga bakin yadi ta ja shi kyaaat. Babban abin alfaharinta shi ne ba ta taɓa zubar da ƙyalle ba. In ta ga tarkacen da takardata ke bari sai ta girgiza kai ta ce, "Yarinya, wannan takardar taki ta fi akuya cin yadi." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi murmushi. Suruka ce, ko tuwo ba na ci a gabanta, balle musu.

Wata shekara aka ce shugaban ƙasa zai zo gida, don ɗan Garwa ne, matan unguwanni za su fita tarya. Aka kawo atamfa mai hotonsa a cikin zagaye, da hularsa da komai, hoto bayan hoto har ƙarshen turmi. Kowace mace ta sami rabonta daidai riga da zani da ɗankwali, tsofaffi irin Inna kuma zani kawai. Aka gaya mana ƙarara babu ƙari, ko tsinke bai rage ba. A zamanin nan kuwa ba a wasa da wannan hoton. Teloli ma da bismilla suke sa masa almakashi, kada su raba fuskar biyu ko ta faɗa inda ake zama.

Layin teloli ya cika maƙil, shi ya sa Hajiya ta shigo gidanmu. Bafulatana ce, matar wani babban dillalin shanu, ita ce shugabar matan unguwa, ita za ta tsaya a gaban layi. Mace ce mai jiki masha Allah, kuma bakinta ya fi rediyo nisa.

"Jam na, amarya? An ce kin iya ɗinkin nasara."

"Jam, Hajiya. Ana dai taɓawa."

"To ga shi. Ki sa mini shi a ƙirji, ki sa mini shi a baya. In ya yi kyau, duk unguwa za ta ji. In ya ɓaci ma za ta ji."

Na auna ta tana dariya, wai igiyar awo na yi mata cakulkuli. Na faɗaɗa takardata, na ƙara wani buhun siminti a gefe kafin ta kai. Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na yanka gaba, hoto ya zauna a tsakiya cif. Na ɗora takardar baya ke nan sai ga saƙon kayan ciki daga mayanka, maigida ya aiko. Wanda ya san zafin Garwa ya san tumbi ba ya jiran kowa. Na danne takarda da duwatsu na nufi madafa.

Da na dawo, Inna na zaune a kan tabarmata, almakashina a hannunta, fuskarta sai walƙiya take.

"Zo ki gani, yarinya. Na rage miki aiki. Juya takardar kawai na yi, ƙafa ta koma kai, sai karkatar nan ta shige cikin waccan. Dubi abin da ya ragu! Wannan ai ya isa rigar jariri."

Na duba. Yankan tsaf, ko yatsa biyun nan ba ta manta ba, ashe duk kwanakin nan tana lura da ni. Da farin yadi ne ko shuɗi, wallahi dabararta ta fi tawa. Amma ga shugaban ƙasa nan a tsakiyar bayan Hajiya, kansa a ƙasa, hularsa na kallon ƙugu. Inna daga gefen tabarma take zaune, ido kuma ya fara rauni, ita dai zagaye ta gani.

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar in kurma ihu. Amma me zan ce? In buɗe baki in ce wa uwar mijina ta yi ɓarna? In Hajiya ta gani kuma, ɗinkina ya mutu tun bai tashi ba, Inna ta zama abin labari a gidajen suna har shekara ta zagayo.

"Sannu, Inna," na ce. "Allah ya ƙara girma."

"Amin. Ku yaran yanzu sai takarda, ba lissafi."

Na kwashe kayan na shige ɗaki na turo ƙofa. A zanin Hajiya ba abin da zan iya gutsura, da ƙyar ma zai zagaye ta. Na juya yankakken bayan nan ta kowace fuska, wuya ya riga ya fita, hammata ta fita, ba gyara. Sai na jawo nawa rabon. Na daɗe ina shafa shi, don na ci burin fitar nan, tun zuwana garin ban taɓa shiga taron mata ba. Na shimfiɗa zanina, na ɗora takarda, na duba kibiya har ta kusa hujewa, na yanka. Bayan Hajiya ya cinye zanin, abin da ya rage ko yarinya ba zai rufe ba. Wanda Inna ta yanka kuwa na cusa shi ƙarƙashin katifa.

Da Hajiya ta zo gwaji ta juya gaba ta juya baya a gaban madubi, ta ɗaga hannu ta sauke, ba inda ya ja.

"Boɗɗum, ya yi kyau! Kai, amarya, useko, na gode! Ashe tela na gida muna wahalar kasuwa."

Inna ta leƙo ta ce, "Bayan nan ni na yanka shi." Hajiya ta yaba mata, ni kuma na duƙa ina tsintar zare a ƙasa.

Ranar fita, tun da safe ganguna suka tashi, mata na ta wucewa ta ƙofar gida suna guɗa. Inna ta fito ta sha zaninta mai hoto, ta sa kwalli, har da turare. Ta gan ni a bakin murhu da tsohon zani.

"Ke ba ki shirya ba? Ina naki?"

"Rigar na ɗinka, Inna. Zanin ne... kaina ma ke ɗan ciwo."

Ta kalle ni irin kallon da take wa nama in tana shakkar kwanansa. Sai ta shige ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ji tana ɗaga akwati, tana ɗaga katifa. Can ta fito da yankakken bayan nan a hannu, ta kawo shi cikin hasken rana, ta riƙe ta wuya yadda za a sa. Ta matso da shi kusa da ido. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Wannan ne nawa?"

Na gyaɗa kai.

"Na jikin Hajiya fa?"

Na dubi tsohon zanin da ke jikina, ita ma ta dube shi.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har ta dafa bango, kwallin nan ya bi kumatu. "Da yanzu Hajiya na gaban layi da bawan Allah a kife! Ni kuma ina bayanta ina cewa ni na yanka!" Nima ban san lokacin da dariyar ta ƙwace mini ba, karo na farko da na yi dariya da ƙarfi a gabanta.

Ta share ido ta shiga ɗakinta, ta fito da tsohon zani a jikinta, sabon a hannu.

"Sa rigarki ki zo nan."

"Inna, ai ke ma kin ci buri..."

"Na ce ki zo. Ni na ga taro tun kafin a haifi mijinki."

Da hannunta ta ɗaura mini, ta ja da baya, ta zagaye ni tana duba hoton ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata kowace hula na sama. Ta gyara mini ɗankwali. A rayuwata ba a taɓa yi mini kyautar da ta shiga raina haka ba. Ta tura ni ta zaure ta ce in yi sauri, miyar ita za ta ƙarasa. Na fita da gudu ina riƙe da bakin zani, zanin na ƙamshin turarenta, na cimma matan unguwa a kwanar masallaci.