Na Ɗaure Gwaiwa da Roba Na Shiga Kokawa

A shekarun da nake ji da ƙarfi, ba a lissafa 'yan kokawar Karofi ba a fara da ni ba. Motsa jikina ɗaya ne: in an yi girbin wake, ni ke loda buhuna a mota, ina cicciɓa ni kaɗai don mutane su tafa. Garin wannan burga na fara jin kumburi a matsematsina. In na tsaya ya fito, in na kwanta ya koma. Na san gwaiwa ce ke sallama, amma na yi gum, don makaɗan kokawa ba su da ta-ido. Ranar da suka ji, na shiga waƙa ke nan.

Kawuna da ya koya mini kokawa kaɗai na gaya wa. Maimakon ya kora ni asibiti, sai ya ce iska ce kawai, in tura ta ciki in ɗaure. Shi ya yanko mini tsohuwar robar tayar babur, na riƙa tamke wajen a ƙarƙashin wando. Har yau in na tuna takaici kan ishe ni. Ƙato da ni, na damƙa wa roba amanar hanjina.

Ana haka aka gayyace mu wasa Kurfi. Na rungumi abokin karawata, na yunƙura zan ɗaga shi, sai na ji kamar an caka mini wuƙa. Na zube ba wanda ya kayar da ni. Na tura kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga amai. A tsakiyar fili aka kwance robar, kowa na kallo. Da aka kai ni asibiti a Dutsin-Ma, likita ya ce hanji ne ya maƙale, sai da aka yanke inda ya mutu. Ya ce da na zo tun farko, ƙaramin aiki ne, in huta in koma wasana. Yanzu ƙarfin ya tafi, kallo kawai nake zuwa.

Samari masu kokawa da ƙwallo da ɗaga ƙarfe, in kun ji irin wannan kumburi ku ajiye kunya ku je a duba, ɗauri ba ya warkar da shi. Abin da na ƙi nuna wa likita ɗaya a ɗaki, shi Kurfi gaba ɗaya ta gani. Waƙar da na guda kuwa an yi ta, kuma ba ni cikin fili balle in rama.