Ruwan Omo a Burkin Motar Baba

Wata rana na kai motata gareji, na tarar da wani bawan Allah zaune a benci. An miƙa masa ruwa ya kasa kaiwa baki.

A gabansa ga wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gefenta duk a kwarzane.

Ni da shegen tambaya, ai sai na zauna.

Ya ce motar marigayi babansa ce. Duk Juma'a yakan ɗauki mahaifiyarsa a ciki su je ziyara, don Hajiya ba ta yarda da kowace mota ba sai ta maigidanta.

Ranar nan, a gangaren kasuwa, ya taka burki.

Ƙafarsa ta nutse har ƙasa.

Ga 'yan talla, ga masu babur, ga Hajiya tana ta salati. Da ƙyar ya goga motar a jikin katanga ta tsaya.

Bakanike ya ce kayan burkinta sun daina zuwa. Ko dai a yi oda, a jira watanni, a sake komai, ko kuma ya sayar ya huta. Ga ma mai saye nan a tsaye, wani matashi, sai shafa ta yake kamar ragon layya.

Can bakaniken ya matso yana yi wa mai motar raɗa, ni kuwa kunnena na wurin. Wai a ɗaure bututun da ya fashe, a zuba ruwan omo a madadin man burki. Zai kama na ɗan lokaci. A shafa fenti, ciniki ya faɗa.



Mutumin ya ƙura wa motar ido.

Har na fara jin tsoron kada ya amince.

Sai ya ɗago ya dubi matashin.

"Samari, me za ka yi da ita?"

"Wasan mota, Baba! Ranar Asabar ne bikina. Amarya a gefena, abokai na biye, sai mun tayar da unguwa."

Mutumin ya miƙe zumbur, gumi na zubo masa. Ya ce a ɗora motar kan duwatsu, a kwance tayoyinta duka. Ba ta sayarwa ba ce, kuma ba za ta sake taka titi ba sai an yi mata gyaran gaskiya, ko da za ta shekara a wurin.

Ya tsaya har aka kwance, ya loda tayoyin a adaidaita zai tafi da su gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakaniken ne ba ka yarda da shi ba?"

Ya ce, "Kaina ne ban yarda da shi ba. Saura ƙiris in ce masa to."

Darasi: Abin da ya kusa kashe ka, kada ka shafa masa fenti ka miƙa wa ɗan wani. In kuma ka ga zuciyarka ta fara lanƙwasa, to kai ma ka kwance mata tayoyi.

Tura wa duk mai mota da ka sani, har da bakanikenka.