Matar da Take Leƙa Bayan Ido

Tun kafin masu shara su gama da barandar asibitin, ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta da ke ƙarshen layi, kusa da inda masu ciwon sukari suke jiran likita. Ta yaye ƙyallen da ke kan na'urar, ta goge inda ake ɗora haɓa da auduga, ta ja labule, don aikinta sai da duhu-duhu. Sannan ta leƙo ta ce, "Wa bai karya ba?" Wanda jiri ya fara ɗiba, shi take fara shigarwa.

Marasa lafiya Kar-ki-ƙifta suke kiranta, har mazan ma, don maganar da ta fi yawa a bakinta ke nan. Aikinta ɗaukar hoton bayan ido, can ciki inda ƙananan jijiyoyin jini suke, waɗanda sukari yake ci a ɓoye mai ido bai sani ba. Kwamfuta ta zagaye wuraren da take zargi, ita kuma ta jera hoton bana da na bara ta tura wa likitan ido. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ta dalilin gwaggona na san ta. Gwaggo tela ce, kuma da ƙyar na ja ta zuwa ɗakin.

"'Yar nan, ni da nake zura zare a allura ba tabarau, me za ki gani a idona?"

"Mama, bari mu gaisa da shi kawai. Ɗora haɓarki nan. Kar ki ƙifta."

Haske ya walƙa. Ta juyo da allon, ta nuna wa Gwaggo wani faifai ja kamar rana za ta faɗi, da 'yan ɗige-ɗigen jini a gefe. Gwaggo ta ce, "Makancewa zan yi?"

Kar-ki-ƙifta ta kama hannun Gwaggo. "Kin zo da wuri, Mama. Abin da ya sa ba ki so zuwa ba, shi ne abin farin cikin: har yanzu kina gani."

Da ƙafarta ta raka mu wurin likita. Aka yi wa Gwaggo aiki, kuma har yau kekenta bai yi shiru ba.

Mai gadin ƙofa ya ba ni labarin wani direban babbar mota da ya gudu daga layi, don tsoron kada hoto ya raba shi da sitiyari. Ta bi shi har bakin titi da farar rigarta, tana haki. "Ɗan'uwa, hoton ba ya ƙwace mota. Rashinsa ne yake ƙwacewa." Ya dawo yana ƙunƙuni. Yanzu shi yake kwaso abokan aikinsa.

Ba kowa ta samu a kan lokaci ba. Wani dattijo kafinta ya zo bayan gani ya riga ya tafi. Ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma yi masa faɗan ina yake tun da ba. Ta zauna kusa da shi har ya gama share hawaye, sannan ta ce, "Baba, cikin 'ya'yanka akwai mai sukari?" Akwai, har biyu. Washegari ya zo riƙe da kafaɗar babbar 'yarsa, ya ce a fara da ita.

Kar-ki-ƙifta, ke ce mai haƙurin sake hoto sau nawa ne idan tsohuwa ta ƙifta, kina dariya kina cewa laifin na'ura ne. Ke ce kike tuna wanda bai dawo ba, ki yi ta kiran waya har 'ya'yansa su gaji su kawo shi. Mutane da yawa suna kallon fuskar jikokinsu yau, ba su san da hannunki a ciki ba. Mun gode, uwar masu gani. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya tsare miki naki idon.

Da abokan aikinta suka tambaye ta kyautar da take so ta sallama, cewa ta yi kowa ya kawo mata mutum ɗaya mai sukari wanda ba a taɓa ɗaukar hoton idonsa ba. Masu tasowa a wannan aiki, ga abin koyi. Mu kuma, kowa ya duba gidansu. Akwai uwa, akwai kawu, akwai maƙwabcin da yake cewa idonsa garau. Kama hannunsa ku tafi, tun yana iya ganin hanya.