Lambar da Kakarmu Ta Goge

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance, tana zaune tana latse-latsen waya. Wai ko na san kalmar lamba ba Hausa ba ce? Na ce ke rufa mini baki, tun kafin a haifi ubanki nake faɗinta. Ta rantse Turanci ce, namba suke cewa, bakinmu ne ya lanƙwasa ta. Wai a wajensu ƙidaya ce, adadi ce, har waƙa guda a cikin faifai namba suke ce mata. Na ce to mu ma ba mu bar ta ta huta ba: lambar mota, lambar gida, lambar yabo da ake maƙala wa soja a ƙirji. Ta yi dariya ta koma kan wayarta. Ni kuwa tun daga nan zama ya gagare ni. Na shiga ɗaki na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye, hannuna sai komawa yake kan damtsena na hagu.

A ƙauyenmu, can gindin duwatsun Roni, in aka ce lamba abu ɗaya ake nufi, wato tabon da masu rigakafin agana ke bar wa mutum a damtse. In kai ɗan yau ne ba ka san agana ba, ka gode wa Allah. Ƙuraje ne ke feso wa mutum tun daga kai har tafin ƙafa. Ko su kashe, ko su makanta, ko su bar fuska da zanzana. Na taɓa tambayar babanmu me ya haɗa tabo da ƙidaya. Ya ce ai duk wanda aka yi wa ya shiga lissafin hukuma, tabon ne shaidarsa. Ko haka ne ko ba haka ba, abin da ya faɗa mini ke nan.

Da rani masu rigakafin suka zo, an gama sussuka, gari duk ƙamshin sabon gero. Aka yi shela kowa ya kai yaransa ƙofar gidan mai unguwa. Mutum biyu ne da akwati. Su ɗiga ruwan magani a damtse, su tsattsaga da allura, shi ke nan. Zafin ba a nan yake ba. Sai bayan kwanaki wurin ya kumbura ya yi ruwa, jiki ya yi zafi, hannu ya ƙi ɗaguwa. Kowa ya san haka, shi ya sa iyaye mata ke tsaye cirko-cirko, ba mai fara'a.

Mu biyu babanmu ya kai, ni da ƙanena mai bi mini. Wannan yaro kuwa ɗan lelen kakarmu ne. Maigidana take ce masa, a bayanta yake yini, ƙanzon tukunya nasa ne, ni sai kallo. Muna dawowa ta fizge shi zuwa bayan rumbu. Ta yanka lemun tsami ta murza a kan tsagar, ta bi da toka, ta wanke da ruwan ɗumi, yana ta tsala ihu. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, haka tsofaffin garin ke yi wa wanda suke ji da shi, wai a kashe dafin kafin ya shiga jiki.

Na miƙa mata nawa hannun. Ta ce, "Ke tafi can, ƙatuwa da ke, za ki iya."

Kai, ranar na ji haushi! Da hannuna ya kumbura ina kwance ina rawar ɗari, shi yana tsakar gida yana bin 'yan tsaki, damtsensa sumul. Kakarmu har nuna shi take yi wa maƙwabta, tana cewa ku ga maigidana, ko ƙwarzane babu.

Bazara ta gaba agana ta shigo ta hanyar kasuwa. Ta bi gida-gida, ta tsallake mu masu tabo kamar ta san mu. Shi ta kama. Kakarmu ta shimfiɗa masa yashi mai laushi a ɗakinta, ta hana kowa shiga, tana kore masa ƙuda da ganyen darbejiya, wanda har yau ba na son warinsa. Ya rayu, amma idanun sun tafi duka biyun.

Ba wanda ya ɗora wa kakarmu laifi, ko babanmu. Ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar ba ta ƙara ce masa maigidana ba, kuma bishiyar lemun tsamin da ke bayan rumbu, da kanta ta sa gatari ta sare ta. Kakar tamu ta zama 'yar jagorarsa har ta rasu. Na so in tsane ta, wallahi na so, amma ta yaya za ka tsani wanda so ne ya kai shi?

Yanzu ƙanen nawa tsoho ne, da jikokinsa a Kazaure. Agana ta ɓace, lambar da ake yi wa jarirai a yau ta tarin fuka ce, amma sunan bai canja ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: duk yaron da aka miƙa masa, kafin ya sa masa albarka sai ya laluba damtsensa da babban yatsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni, matar ɗana ta miƙa masa jaririnta da ya kusa fara zama. Ya laluba hagu, ya laluba dama, ya sake komawa hagu.

Ya ce, "Yaya, wannan ba a yi masa ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, an ce wurin kumbura yake yi. Tausayinsa nake ji."

Ya daɗe rungume da yaron. Sannan ya ce, "Ni ma tausayina aka ji, 'yata."

Har yau ba a kai jaririn rigakafi ba, kullum sai a ce gobe. Na riga na fito da mayafina na rataye a bakin ƙofa. Da safe ni zan goya shi zuwa asibiti, mai jin haushi ya ji.