Rijiyar da ke ƙarƙashin gadon Baba Yagana

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta ranar da aka aike ni gidan Baba Yagana a Ƙofar Mazugal. Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ce, ina shara a wani ofishin kula da ruwa.

Injiniya Bala, wani dogo mai yawan shiru, ya zo da tsohuwar taswirar birni ta zamanin Turawa, ya ce za a bi rijiyoyin da ke jikinta a ga waɗanda ke da rai. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, shi ya sa aka karɓe tsintsiyata aka ba ni igiya mai ƙarfe a baki. Aikina in zura ta har ta taɓa ruwa, in ƙulle inda ta tsaya, in fito masa da ita zaure ya auna.

Ni dai ban yarda da shi ba. Sabbin 'yan siyasa sun shigo da yunwar fili, ana ta raɗe-raɗin za a cike kududdufin bayan unguwar a yanka shaguna, a kuma toshe rijiyoyi don a tilasta wa mutane famfo. Ga shi na sha ganin motar kansila a ƙofar ofishinmu.

Baba Yagana, tsohuwa 'yar asalin Barno, a tsakar gida ta tare ni.

"Ke Asabe, yaushe kika zama idon gwamnati? Mu nan ruwan 'yan garuwa muke sha."

Na duba. Ga jiƙaƙƙen guga a bayan ƙofa, ga gadon ƙarfe a gindin katanga, ƙasar ƙarƙashinsa da danshi. Wa ke ajiye gado a rana? Na fito na ce wa Injiniya babu rijiya.

"Iya, taswira ta ce akwai rijiya," in ji Injiniya.

"To taswirar ta shiga ta auno maka. Malam Bala, wa za ka kai wa awon nan? In na toshewa ne, ga igiyarka."

Ya shimfiɗa takardar a kan mota. Ya ce ƙarƙashin Kano dutse ne irin na Goron Dutse, ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke kansa da cikin tsagoginsa. Shuɗayen wuraren nan kududdufai ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Ruwan damina ya taru a ciki, ya tsatsa ƙasa, rijiyoyin kewaye su sha. Ya ɗora yatsa a kan wani da aka cike wajen kasuwar Kurmi. A nan yayata ke aure, kuma rijiyarsu ta ƙafe ba mu san dalili ba.

Injiniya ya ce, "Kansila ya ce kududdufin bayan unguwar nan ba ya amfanar kowa sai sauro. In na ce babu rijiya mai rai a gefensa, na ba shi ke nan."

Na sa shi ya rantse awon ba na toshewa ba ne, ina kallon ƙwayar idonsa. Sannan na koma na kwashe duka na gaya wa tsohuwar.

"In aka toshe miki ita, Baba, ki zo ki tsine min a gaban 'ya'yana."

Ta harare ni. Sannan ta ce, "Kama can, sarkin naci." Muka ɗage gadon, muka janye katako. Ruwa ga shi nan kusa, har fuskata na gani. Da maƙwabta suka ji, mai turmi a kan tata ta kawar, mai tulin itace ma haka.

An ci gefe guda na kududdufin, ba zan ɓoye muku ba, amma albarkacin awon nan sauran ya tsira. Rijiyar ba ta ƙafe ba, da ruwanta aka yi wa Baba Yagana wankan ƙarshe.

Ku da kuke aikin yanzu, ku sani mutumin birni ba ya ɓoye abu don wauta, an sha ƙwace masa ne. Kafin ki yi sallama gidan kowa da sunan hukuma, ki tsare ogan naki ya faɗa miki inda aikin zai ƙare. Shi ofis zai koma, ke ce za ki ci gaba da haɗuwa da matan nan a gidan suna da na makoki.