Kujerar Bayan Aji

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, ina tsakiyar rubuta rabi da kwata a allo, shugabar makaranta ta leƙo ta yafito ni. A bakin ƙofa ta faɗa mini ka rasu da safe, bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allin da ke hannuna ya karye, ban san na matse shi ba.

Baba Me-ya-sa, haka yara suka laƙaba maka, har mu malamai muka bi sahu. Shekara uku kana zuwa daga jami'a, kana zama a kujerar bayan ajina, kana binciken yadda yaro zai fahimci lissafi maimakon ya haddace shi. Ba ka taɓa sa jan biro a takardar kowa ba. Ranar da wata yarinya ta ce rabi da rabi ya zama biyu bisa huɗu, ni na daka mata tsawa, kai kuwa ka durƙusa kusa da teburinta ka ce, "Me ya sa? Nuna mini hanyar da kika bi." Ka ba ta takarda ta ninke, ta gano amsar da kanta.

Abin da na ɓoye wa kowa, kai ka gane shi tun makon farko: ni malamar lissafi ce mai tsoron lissafi. Tafin hannuna ya sha bulala a kan bakwai sau takwas tun ina ƙarama. Duk sanda yaro ya yi tambayar da babu a littafi, sai na dubi bayan aji ka gyaɗa kai sannan nake iya amsawa.

Ranar Litinin kwamitin hukumar ilimi zai zo kallon darasi, ya yanke ko a ci gaba da hanyarka ko a koma hadda. Ni kaɗai zan tsaya. Wallahi tsoro nake ji, Baba. Ina tsoron in daburce, in rushe aikin shekara uku cikin minti arba'in, yara talatin da shida su koma rufe amsarsu da hannu.

Jiya matarka, Mama, ta miƙo mini littafin bincikenka, ta ce, "'Yata, akwai shafinki a ciki." Na buɗe. Ka rubuta: "Malama ta yi kuskure a allo, yaro ya gyara mata, ta tambaye shi me ya sa. Wata biyu ke nan ba ta dubi inda nake ba." Ni ban ma lura ba.

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma Litinin zan bar kujerarka inda take, in ɗauki alli.

Allah Ya ba Mama da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa a yi maka tambaya da irin sauƙin da ka tambayi yaranmu.